Shekarar da Aka Yanke wa Dattijuwa Salansa

Duk Sallah idan kun taru a tsakar gidan nan, sai ɗayanku ya tayar da labarin shekarar da Babanku ya yanke wa motarsa salansa, ku yi ta dariya har jikokina su taya ku, ba su ma san abin da ake yi wa dariyar ba. Kuna cewa wai tsere ya so yi da ƙaninsa, Baffanku Sabo, don ya ga ya sayo sabuwar mota. Ina jin ku daga ɗaki, ban taɓa tanka muku ba. To yanzu Allah Ya karɓi abinSa, Babanku ba shi da bakin kare kansa, kuma ko yana raye na san murmushi kawai zai yi ya bar ku. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda aka yi. Babanku bai taɓa kishin motar kowa ba. Mai kishi a gidan nan ni ce, kuma abin da nake kishi a kai bai fi faɗin kujera ɗaya ba.

Motar da kuke kira Dattijuwa doguwa ce mai kujeru layi uku, launinta tsakanin fari da ruwan ƙasa. A hannun wani mai awon hatsi ya saye ta, ta riga ta gaji tun kafin ta zo mana. Da safe ta kai shi firamaren da yake koyarwa, da yamma ta kai taki gona, da kaka ta kwaso gero da dawa, kuma babu gidan da ke ƙauyen nan da ba ta taɓa ɗaukar masa mai naƙuda ba. Ba ta tashi sai da turi, ku ne ma'aikatan turin. Idan ta ga 'yar hawa sai ta fara tari kamar tsohon da ya sha kunu da zafi. Duk da haka ni ban taɓa raina ta ba, domin a cikinta nake samun ranar da ta fi kowace rana daɗi a wata.

Sai na yi muku bayanin kakarku, Inna, don ƙanananku ba su san ta da wayonsu ba. Babanku ɗanta ne na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari irin ta asali. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon idonsa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Mai makaranta" take ce masa. Idan tana son abu, ko yana tsaye a gabanta, ni take juyowa ta ce in ce wa mai makaranta kaza. Ni kuma in juya in faɗa masa abin da ya riga ya ji da kunnensa, ya ce in ce mata to. Haka muka yi shekaru. Ni mahaifiyata ta rasu ina makarantar sakandare ta kwana, ban ga gawarta ba, saboda haka da aka kawo ni ƙauyen nan na bayan Tofa, Inna na kama da hannu biyu. Ita ta koya mini surfe, ita ta yi mini wankan jego na dukkanku.

Da hawan jini ya kama ta, likita ya ce a riƙa kai ta asibiti a cikin Kano sau ɗaya a wata. Wannan ranar tawa ce. Bayan sallar asuba za mu shiga Dattijuwa, Inna ta zauna daidai bayan direba, inda idonta ba zai haɗu da na ɗanta ba ko ta madubi, ni kuma in zauna a gefenta da katin asibitinta a jakata. Gilashin ɓangarenta ya daɗe da maƙalewa, ba ya sauka. Da mun hau hanya sai ta ja mayafi ta rufe hancinta da bakinta, ni kuwa tun farko na ɗauka cikin kunyar ne. A kan bencin asibiti, inda babu ɗanta babu kowa, nan bakinta yake buɗewa. Ta ba ni labarin 'yanmatancinta, ta kwaikwayi muryar surukarta, ta sa in karanta mata rubutun jikin magani tana cewa ashe bokon nan yana da rana. Idan mun fito ta kwance bakin zaninta ta sayi gurasa guda, ta raba biyu, ta sa mini rabi a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai kamar yadda ake yi wa yaro. Ina da 'ya'ya biyar a lokacin, amma wannan rabin gurasar nake jira wata guda.

A shekarar da nake ba ku labari, kasuwar takin zamani ta buɗe wa Baffanku Sabo, ya sayo mota 'yar Kwatano, baƙa wuluk, mai na'urar sanyi. Shi auta ne, Inna ba ta kunyarsa. Tana kiran sunansa, ta zage shi, ta ja kunnensa, su yi dariya. Mun je mun yi barka, na shafa motar na sa albarka, kuma Allah Ya sani da zuciya ɗaya na sa. Sai ranar asibiti ta zagayo. Na fito da mayafina da jakata, kun riga kun jeru a bayan Dattijuwa za ku tura, sai na ga baƙar motar a ƙofar gida, Inna a ciki, faccalata Hajara matar Sabo a gefenta tana gyara mata zama. Inna ba ta dube ni ba.

"Yau ki huta, Binta. Sabo zai shiga birni dama."

Na ce to, Allah Ya kiyaye hanya. Na miƙa katin ta taga. Wata mai zuwa ma Sabo zai shiga birni dama. A na bayansa ko katin ba a dawo mini da shi ba, ya koma jakar Hajara. Duk wannan na haɗiye. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yammacin da suka dawo ina shara a ƙofar gida, na ga Hajara ta sauko tana karkaɗe ɓurɓushin gurasa daga zaninta. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado da tsintsiyar a hannuna. Hajara ba ta taɓa yi mini komai ba, yarinya ce mai ladabi, Yaya take ce mini. Amma uwarta na nan da rai a Rimin Gado, tana zuwa ta gan ta duk lokacin da ta ga dama. Na riƙa tambayar kaina, wadda take da tata, me za ta yi da tawa? Na yi istigfari, na ƙara nafila, na tambayi malamarmu ta Islamiyya a kaikaice ko kishi irin wannan hassada ne. Ta ce muddin ban so ni'imar ta gushe daga wani ba, da sauƙi. Ni kuwa a gaskiya na so ta gushe.

Da na zauna na yi tunani sai na ga kamar na gano dalili. A tafiyarmu ta ƙarshe Dattijuwa ta yi zafi kafin Rijiyar Zaki, muka tsaya ana ba ta ruwa, muka isa asibiti layi ya yi nisa, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Na ce shi ke nan, jinkirin ne ya kori Inna. Idan motar ta samu gudu, Inna za ta dawo. Na tunkari Babanku da maganar, ya ce uwa ce ta shiga motar ɗanta, mene ne a ciki? Amma na lura duk safiyar asibiti sai ya ƙirƙiri aiki a bayan gida, wajen shanun huɗa, har sai ƙarar baƙar motar ta ɓace. Ranar asibitin ce kaɗai shi ma yake yi wa uwarsa wani abu da hannunsa. Na yi ta maimaita maganar a kan tuwo, a kan shayi, har ya ce zai kai motar wajen Bulus.

Bulus bakanike ne a Rimin Gado, garejinsa inuwar wata bishiyar darbejiya ce. Kakanninsa masu bin addinin gargajiya ne, iyayensa suka shiga coci, kuma ajinsu ɗaya da Babanku a firamare, shi ya sa ba sa haɗuwa sai da tsiya. Kuɗin sabon inji ba mu da shi, don haka aka bi ta da ƙananan gyare-gyare, ranar Asabar bayan ranar Asabar, duk tsawon ranin nan. Ni da ban taɓa leƙa cikin inji ba, na zama mai karɓar rahoto. Babanku ya kawo mini tsofaffin fulogi a aljihu, baƙaƙe ƙirin kamar gindin tukunya, aka sa sababbi. Aka kwance kafireta aka wanke da fetur. Matatar iska da aka ciro, ƙaiƙayin da ke cikinta ya isa a zuba wa kaji. Baƙin man da aka juye ya yi kauri kamar kwalta, lagireto aka wanke shi ya fitar da laka, tayoyi aka ba su iska daidai. Bulus ya aiko da saƙo wai a gaya wa uwargida nauyi ma yana cin ƙarfin mota. Ni da kaina na buɗe but, na fitar da karyayyar garma, da rabin buhun siminti da ya zama dutse, da tsohon jak da ba ya ɗaga komai, da duwatsun da ake tare taya da su. Kariyar da ake ɗaura kaya a saman motar ma aka sauke ta. Kuma wallahi ta ji gyara. Ta fara tashi da makulli, kuka rasa aikinku na turi, ta daina shan mai kamar da, hawa kuwa ta riƙa haye shi ba tari. Da nan muka tsaya, da babu labarin da za ku yi wa dariya.

Wata Asabar ina da suna a Rimin Gado, muka biya garejin tare. Ina zaune a mota na ce a tambayar mini Bulus, yanzu za ta iya riga ta Sabo isa Kano? Ya kwashe da dariya har yana dafa bishiya.

"Uwargida, tsohuwa ce fa, mun dai yi mata kitso. Amma akwai abu ɗaya da ba a sayen komai. Wannan tukunyar salansar ita ke shaƙe mata wuya. A cire ta, inji ya yi numfashi, ki ga gudu. Duk yaran kan hanya haka suke yi."

Babanku ya ce shi malamin makaranta ne, ba yaron kan hanya ba. Bulus ya ce ai tun a aji uku matsoraci ne. Babanku ya waiwayo ya dube ni, ni kuma na kawar da kai, kuma ya san ma'anar hakan. Bulus ya shiga ƙarƙashi da zarto. Da ya yanke tukunyar, bututun ya zama guntu, bakinsa ya tsaya a ƙarƙashin kujerar baya. Ya ce za a ƙara masa tsawo, amma yau babu wuta, mai walda ya rufe, a dawo wani lokaci. Ba wanda ya ga abin damuwa a cikinmu. Muka dawo gida da ƙarar da ta sa jakin maƙwabcinmu ya tsinke igiya, liman ya aiko a tambaya ko jirgi ne ya sauka a ƙauye.

Saura shigar da Inna. Na san idan na same ta ita kaɗai za ta zame mini, don haka na jira lokacin da Babanku ya shigo gaishe ta, yana durƙushe a bakin ƙofa. Na durƙusa na ce an gyara mota, jibi mu za mu kai ta. A gaban ɗanta na fari ba za ta iya musu ba, ba za ta iya bayani ba. Ta daɗe tana kallon tabarma, sannan ta ce to. Washegari da hantsi Hajara ta shigo har madafi ta same ni, tana ta murza bakin mayafi.

"Yaya, da kin bar Inna ta ci gaba da bin mu. Akwai dalili."

"Kawo mini katinta," na ce. Ban tambaye ta dalilin ba.

Ranar tafiya Inna ta zauna a wurinta na bayan direba, ni a gefenta, katin a jakata. Dattijuwa kuwa ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, gonaki suna wucewa kamar ana jan su. Inna ta ja mayafi ta rufe hanci kamar kullum. Ni hankalina yana kan hanya, ina lissafin yadda za mu zama na farko a layi. Mun kusa Rijiyar Zaki na ji kaina yana sarawa, idona yana yaji, na ce ƙarar ce. Sai Inna ta kwantar da kanta a kafaɗata. Ku ji abin da ya faru a zuciyata: daɗi na ji. Na ce ta dawo gare ni. Sai da carbinta ya suɓuce ya faɗi a kan ƙafata na duba fuskarta, na ga idonta a lumshe, jikinta ya saki. Na kira Babanku, ƙara ba ta bar shi ya ji ba, sai da na doki kafaɗarsa. Ya taka birki, ya zagayo, ya sungumi uwarsa a hannu, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo, ya kwantar da ita a gindin wata bishiya. Mata masu sayar da gyaɗa suka kawo ruwa muna yayyafa mata muna salati. Can ta yi amai, ta buɗe ido. Da ta ga a hannun wanda take, abin da ta fara yi shi ne ta lalubo mayafi ta rufe fuska.

Baƙar motar ta tsaya a bayanmu. Ashe Hajara ta hana mijinta sakat sai da suka biyo mu. A cikinta aka ƙarasa da Inna asibiti, likita ya ce hayaƙin mota ta shaƙa, Allah ne Ya yi da sauran kwana. A kan bencin nan da nake ɗauka nawa ne, Hajara ta faɗa mini komai tana kuka. Tun shekarun baya hayaƙi yake taso wa Inna daga ƙarƙashin ƙafarta, duk tafiya sai ta yi kwanaki da ciwon kai, shi ya sa take rufe hanci. Ba ruwanta da gudu, ba ruwanta da layi. Ta faɗa wa Hajara, ta sa ta yi alkawarin ba za ta fitar ba. Mu kuwa mun ɗauki bakin hayaƙin gaba ɗaya mun ajiye a ƙarƙashinta. Na yi godiya ga Allah, na riƙe hannun Hajara, amma ko a wannan halin akwai abin da yake cizona: ita aka faɗa wa, ni da nake zaune a gefenta shekara da shekaru ba a faɗa mini ba.

Da Inna ta warware na kasa haƙuri. Ina shafa mata man zafi a ƙafa na tambaye ta. Na ce don me ni ba ta faɗa mini ba?

"In na faɗa miki, kin iya riƙewa? Kafin magariba ya ji. Shi kuma na san halinsa, in ya ji motarsa tana sa ni ciwo, shanun huɗar nan zai kai kasuwa ya sayo wata. Da me zai noma abin da 'ya'yanki za su ci? Hajara in ta ji, a wurinta ya tsaya. Ke kuwa ke ce bakina, ina zan kai maganar da ba na so ya ji?"

Babanku ya ɗaga shimfiɗar robar da ke ƙarƙashin kujerarta, ya tarar tsatsa ta ci ƙarfen, rami ya kai faɗin tafin hannu, ana hango ƙasa. Ya daɗe a tsugune a wurin. Bulus da labari ya kai masa, da kansa ya zo a kan babur, tukunyar salansar ɗaure a baya, ya durƙusa a ƙofar Inna yana ba da haƙuri, ranar babu tsiya ko ɗaya a bakinsa. Aka mayar da tukunyar, aka liƙe ramin da guntun ƙarfen tsohon duro, aka kwance ƙofar aka gyara gilashin da ya maƙale. Ƙara ta tafi. Sauran gyaran yana nan, Dattijuwa ta ci gaba da tashi da makulli, ta ƙara mana shekaru masu yawa. Shanun ma ba a sayar ba.

Da ranar asibiti ta sake zagayowa, motoci biyu ne a ƙofar gida, ba wanda ya ce wa Inna komai. Ni ko mayafi ban ɗauka ba, ina tsaye a soro. Ta fito da sandarta, ta tsaya, sannan ta juyo wajena, Babanku yana tsaye kusa da ita kamar kullum.

"Ki ce wa mai makaranta ya tafi a hankali, ba koro mu aka yi ba."

Na juya na faɗa masa, ya ce in ce mata to. Ta shiga bayan direba, ta murɗa hannun gilashin da kanta har ƙasa. Na ruga na ɗauko mayafi na zauna a gefenta. Sai ta leƙa ta tagar ta ce Hajara ta shigo mana, me take jira? Na matsa. Tun daga ranar har Allah Ya ɗauki ran Inna, mu uku muke zuwa, ban ƙara samun bencin nan ni kaɗai ba. Labaran 'yanmatancin da nake ɗauka nawa ne, na zauna na ji ana ba wa Hajara su daga farko, tana dariya a wuraren da nake dariya. Gurasa kuwa ta koma kashi uku. Inna da hannu take rabawa, ba ta awo, kuma Hajara tana nan da ranta, kuna iya zuwa ku tambaye ta. Za ta ce muku daidai ake raba mana. Ni dai da nake kallo, nata ya fi girma.